Littafin Wata Baturiya da Auren 'Ya'yanmu Mata

A cikin littattafan Turanci da a ke ba ɗalibai su karanta akwai wani wai shi Pride and Prejudice, watau Girman Kai da Mugun Zato. Galibin waɗanda suka karanta shi cikinmu su kan ce labarin soyayya ne kurum, na samari da 'yammatan Ingila masu raye-raye da shan shayi, ba ruwan Bakatsine da shi. Ni kuwa ina gani muna da ruwa a ciki, har da tsaki. Abin da littafin nan ya ke nunawa shi ne, yarinyar da ba ta da abin hannunta, ba ta kuwa da wurin komawa, ba ta da ikon ƙin mai nemanta. Wanda ba shi da ikon ƙi kuwa, amincewarsa ba ta cika yarda ba. Wannan magana ta shafi Kankara da Faskari da Sabuwa fiye da yadda ta shafi Landan ta yau, don haka na ga ya kamata mu tattauna ta a shafin nan namu.

Mai littafin sunanta Jen Ostin. An haife ta a 1775 a wani ƙauye na kudancin Ingila, ubanta limamin coci ne mai 'ya'ya takwas. Ta rubuta labarin tun tana da shekara 21, uban ya rubuta wa wani mai buga littattafai a 1797 yana yi masa tayi, aka ƙi karɓa. Sai a 1813 aka buga shi, ba ma da sunanta a kai ba, ta sayar da shi ɗungum a kan fam 110. Ta rasu a 1817 tana da shekara 41, ba ta taɓa aure ba. Ku lura, zamaninta ɗaya da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har shekarar rasuwarsu ɗaya. Sa'ad da ta ke gyaran littafin nan, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana matashiya a gidan karatu a ƙasar Sakkwato.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wani dattijo ne, Mista Benet, yana da gida da gonaki masu kawo masa fam 2,000 a shekara, a zamanin da ɗan ƙodagon gona ba ya wuce wajen fam 30. Yana da 'ya'ya biyar, duka mata. To, amma kakanninsa sun ɗaure dukiyar da wani sharaɗi, cewa ba mai gadonta sai namiji. Saboda haka ran da ya mutu, gidan da gonakin duk za su koma hannun wani danginsa na nesa, wani limamin coci wai shi Kolins, shi kuwa yana da ikon ya kori uwar da 'ya'yanta. Abin da kowace za ta samu daga wajen uwa bai wuce fam 1,000 ba, mai kawo fam 40 a shekara. Shi ya sa matar Benet ba ta da zance dare da rana sai na aurar da 'ya'ya. Masu karatu su kan yi mata dariya don wautarta da yawan surutu, amma tsoronta na gaskiya ne. Ita kaɗai ce a gidan ta ke lissafin ranar da maigida ba ya nan.

'Yarsu ta biyu, Elizabet, ita ce tauraruwar labarin. Mutum biyu suka nemi aurenta ta ƙi su. Na fari shi ne Kolins ɗin nan magajin gidan, wanda aurensa zai tsare wa uwarta da 'yan'uwanta matsuguni. Ta ƙi shi don wawa ne mai fadanci, ba ta ga yadda za ta girmama shi ba. Na biyu shi ne Mista Darsi, mai fam 10,000 a shekara da ƙasaitaccen gida. Shi kuwa da ya zo neman aure sai ya tsaya yana lissafa mata ƙasƙancin danginta, da yadda ya yi ta kokawa da zuciyarsa kafin ya yarda ya sauko wurinta. Ta mayar masa da amsa mai zafi, ya fita. Daga baya kowannensu ya gane kuskurensa, shi ya rage girman kai, ita ta bar mugun zato, aka yi aure. Nan ne mafi yawan masu karatu su kan rufe littafi suna murna.

Ni ina roƙonku ku koma baya ku dubi wata da ba a cika kula da ita ba, watau Shalot Lukas, ƙawar Elizabet. Shekarunta 27, ba ta da kyau, ubanta ba shi da abin ba ta, ga ƙanne birjik a gida. Hankali kuwa ba wadda ta fi ta a garin. Kwana uku ba su cika ba da Elizabet ta ƙi Kolins, sai Shalot ta karɓe shi, tana sane da wautarsa sarai. Ba ta ruɗi kanta ba, ba ta kuwa ruɗi ƙawarta ba, ta ce mata ita gida ta ke so inda za ta zauna da rufin asiri. Da Elizabet ta ziyarce ta daga baya, sai ta tarar ta shirya zamanta yadda ba za ta riƙa haɗuwa da mijin ba sai kaɗan. Ta kan zuga shi ya je ya yi ta aikin lambu, ita kuwa ta zaɓi ɗakin baya ta ke wuni. Ba wanda ya ɗaure Shalot da igiya, ba wanda ya doke ta. Da bakinta ta amsa. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. 'Yar mutunci a Ingila ta wancan zamani ba ta da sana'ar da za ta ci da kanta, sai fa ta zama mai koyar da 'ya'yan wani a gidansa, tana zaune tsakanin barori da masu gida. In kuwa ta yi aure, abin da ta mallaka ya zama na miji. Ba a gyara wannan doka ba sai a 1870 da 1882.

Akwai inda na ke ganin mai littafin ta yi wa masu karatu sassauci. Ta bar Elizabet ta ƙi mai fam ɗari-ɗari, sa'an nan ta ba ta mai dubbai. Wannan sa'a ce ta cikin labari. In kuna son ku ga abin da ƙi ya ke jawowa a zahiri, ku dubi ita marubuciyar. A watan Disamba na 1802 wani saurayi magajin babban gida ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Ubanta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta suka yi shekara huɗu suna yawo daga gidan haya zuwa gidan dangi, suna ci daga abin da 'yan'uwanta maza suka tara musu, har 1809 da wani wanta ya ba su ɗan gida suka zauna. Ta iya ɗaukar wannan wahala don abu biyu: tana da 'yan'uwa masu riƙon zumunci, tana kuma da alƙalami. Waccan da ba ta da ko ɗaya fa?

Sai zancen asali. Mutanen littafin nan suna da matakai kamar na tsani. Masu sarauta da masu ƙasa ta gado suna sama, sa'an nan limamai da hafsoshin soja da manyan lauyoyi, sa'an nan 'yan kasuwa, ko da sun fi na samansu kuɗi. Laifin dangin Elizabet a idon Darsi, bayan rashin kamun kan uwarta da ƙannenta, shi ne mijin innarta ƙaramin lauya ne na ƙauye, kawunta Gardina kuwa ɗan kasuwa ne mai zama kusa da rumbunan ajiyarsa a Landan. 'Yan'uwan Bingli, abokin Darsi, su suka fi kowa yi wa wannan kawu ba'a, alhali dukiyar ubansu daga kasuwanci ta fito. Innar Darsi kuma, Uwargida Katarina, ta tayar da keken doki takanas ta zo ta hana auren, don ta riga ta ƙudura Darsi zai auri 'yarta, dukiya ta tsaya cikin dangi. To, ina Bahaushen da bai san wannan ba? Auren zumunci ke nan na kada gona ta fita gida. Amma da masifa ta auko wa gidan Benet, ƙaramarsu Lidiya ta gudu da wani hafsa mayaudari wai shi Wikam, ɗan kasuwan nan da a ke rainawa shi ya tsaya tsayin daka, shi da Darsi, har aka rufa asiri. Mai littafin ba ta yi wa'azi ba, ta dai jera mutanen ta bar mu mu ga wane ne mutumin kirki.

Yanzu mu komo gida. Abin mamaki shi ne, duk abin da dokar Ingila ta hana 'ya'yan Benet, shari'armu ta riga ta ba 'ya'yanmu tun fiye da shekara dubu kafin a haifi Jen Ostin. Mu da muka yi karatun allo muka taɓa Risala mun san lissafin. Da a ce Benet Musulmi ne ya mutu a Kankara, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar da wani dangi namiji ta wajen uba, sai a kasa dukiyar kashi 24. Matar ta ɗauki tumuni, watau kashi 3. 'Ya'yan su ɗauki sulusi biyu, watau kashi 16. Kolins ba zai tsira da kome ba sai ragowar kashi 5. Da haka ne, da matar Benet ta yi barcinta da daɗi, da kuma ba a sami labarin da za a rubuta ba. Bayan wannan, sadaki na mace ne ita kaɗai, abin da ta mallaka kafin aure da bayansa nata ne, miji ba shi da iko da ko kazarta sai da yardarta.

Haka kuma zancen dacewar miji da mata, wanda malamai ke kira kafa'a. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da a ke dubawa shi ne addinin mutum da kuɓutarsa daga aibobin da ke ɓata zaman aure. Ba a sa nasaba ko sana'a cikin sharaɗi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya aurar da Zainabu 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantaccen bawa ne, ya kuma shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu.

To, mu duba abin da mu ke yi da wannan kyauta. A ƙauyuka da yawa na ƙasarmu, in magidanci ya mutu sai a raba tufafi da tumaki da 'yan kuɗi, gona kuwa a ce ta gandu ce, maza su ci gaba da nomanta. In mace ta yi magana a ce mata, ke da ki ke gidan wani, me za ki yi da gona? In ta kai ƙara gaban alƙali a ce ta yanke zumunci. Sai ta yi shiru, a riƙa aika mata da 'yan dammunan dawa da kaka kamar sadaka, alhali haƙƙinta ne. Ƙasar nan tamu ta kudancin Katsina, daga Ketare zuwa Daudawa da Mairuwa har Sabuwa, arzikinta duk a ƙasa ya ke: masara, dawa, auduga, waken suya, rake a fadama. Wanda aka hana gona a nan an hana shi kome. Ashe sharaɗin nan na kakannin Benet, wanda mu ke karantawa muna mamakin rashin adalcin Turawan da, muna da irinsa, sai dai namu ba a rubuce ya ke ba, kuma ya saɓa wa littafin da mu ke rantsuwa da shi.

Asali ma haka. Kowa ya san yadda bincike ya ke tafiya in an kawo kayan na-gani-ina-so. Kafin a tambayi ko yaron yana salla, ko yana da gaskiya, sai a tambayi su wane ne kakanninsa. In aka ji mahauta ne, ko wanzamai, ko makaɗa, ko majema, sai fuska ta canja, a ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Wani gidan ba sa ba Bahaushe, wani ba sa ba Bafillace, wani kuma sai a tono cewa kakan kakan yaron Bamaguje ne, ko bawan gidan wane ne. An shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, an kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, amma har yanzu akwai tsofaffin da ke riƙe da lissafinta a ka, ba sa fito da shi sai ranar neman aure. Mu kan ci naman mahauci, mu miƙa wa wanzami wuyanmu da 'ya'yanmu, sa'an nan mu ce bai isa ya zama surukinmu ba. Abin da ya fi ban haushi, wannan shinge ba ya tsayawa sai a gaban matalauci. In ɗan mahaucin nan ya yi kuɗi a fataucin shanu a kasuwar Sheme, ya je Makka ya gina soro, sai ka ga an manta da kakansa. Marubutanmu sun daɗe da ganin wannan. Jiki Magayi, na John Tafida da Dokta East, wanda ya fito a zamanin gasar rubutu ta 1933, labari ne na attajirin da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, da bala'in da ya biyo baya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, shi ma a kan 'yar mai kuɗi da ɗan talaka ya ke.

A kan waɗannan tsofaffin cututtuka sai ga sabuwa ta sauka. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe mutane masu yawa. Ran 11 ga Disamba na shekarar suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, aka sako su bayan kwana shida. A Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da ukun nan namu, aka yi watanni a haka. A Fabrairu na 2024 aka tare mata 'yan rakiyar amarya a wajen Damari ta ƙasar Sabuwa aka tafi da su daji. Ban kawo waɗannan don in tayar muku da mikin da kowa ke ɗauke da shi ba. Na kawo su ne don ku ga abin da suka yi wa aure. Uban da ya sayar da gonarsa da shanun nomansa ya biya kuɗin fansa, ya kwashe iyali ya koma rakuɓe a Funtuwa ko Ɗandume, yana da 'yammata uku a ɗaki guda, ba ya tambayar halin mai nema. Wanda ya fara zuwa da abin sadaki shi ne miji. Wani kuma tsoro ne ke sa shi ya cire yarinya daga aji ya kai ta ɗaki, don gudun abin da zai same ta a hanya. Ba na zarginsu, gama wanda bai kwana da ƙarar bindiga ba bai kamata ya yi wa wanda ya kwana da ita gori ba. Amma ko an yi sulhu an koma gida, gonar da aka sayar ba ta dawowa da kanta, yarinyar da aka aurar ba ta komawa aji. Ga mata da aka kashe mazansu, ga marayu. Irin su Shalot sun yi yawa a ƙasarmu, kuma nasu ya fi nata tsanani, don ita shekarunta 27, ta kuwa san abin da ta ke shiga.

Na san akwai masu cewa, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, in aka sakar wa 'yammata zaɓi sai su zaɓo 'yan iska. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, littafin ma yana bayansu a nan. Lidiya tana da shekara 16 ta bi kyan fuska da jan kaftanin soja, ta kusa jefa gidansu duka cikin kunya. Amma ku duba wanda mai littafin ta ɗora wa laifin. Uban ne, wanda ya shige ɗakin karatunsa yana yi wa iyalinsa dariya, bai tarbiyyantar ba, bai yi tanadi ba, Elizabet ta gargaɗe shi kada ya bar yarinyar ta yi tafiyar nan, ya ƙi ji don yana son a bar shi ya huta. Ba wanda ya ce waliyyi ya janye hannunsa. Abin da a ke nema shi ne ya yi aikinsa na gaskiya, ya binciki halin mai nema. Yaya Elizabet ta ƙara gane ko wane ne Darsi? Daga bakin tsohuwar da ke kula da gidansa, wadda ta san shi tun yana ɗan shekara huɗu, ta shaida bai taɓa yi mata baƙar magana ba, kuma yana kyautata wa masu noma ƙasarsa. Wikam kuwa basussukan da ya bari a kowane gari su suka tona shi. Mu ma in za mu yi bincike mu tambayi yaran shagon mutum, da ƙannensa, da 'yan ƙodagon da suka yi masa noma, da wanda ya taɓa ba shi rance. Hali zanen dutse ne, su suka ga zanen. Kabarin kakansa ba zai gaya mana kome ba.

Wasu kuma za su ce Risala ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ba da izininta ba. Haka ne, ba na jayayya da nassi. Amma malaman da suka ba shi wannan iko sun ce an so ya shawarce ta, sun ce ba shi da ikon ya cuce ta da shi, sun kuma ce uban da ya shaida 'yarsa ta yi hankalin riƙe al'amarinta ba ya tilasta ta. An ba shi ikon ne don tsammanin ba wanda ya fi shi tausayinta. Wanda ya juya shi ya zama hanyar biyan bashi ko neman fada wurin mai kuɗi, ya ci amanar da aka ba shi. Bazawara kuwa ba mai aurar da ita sai ta furta da bakinta, kuma hadisi ya tabbata cewa Annabi ya warware auren Khansa'u 'yar Khizamu da ubanta ya ɗaura ba ta so.

To, ina namu a ciki, mu da a ke shirya mu don koyarwa? Na farko, mu riƙe 'yammata a aji iyakar ƙoƙarinmu, mu je gidajen iyaye da ladabi mu roƙa, mu sa liman da mai unguwa a gaba. Ba baƙon abu mu ke kawowa ba. Shehu Usmanu a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da na waje. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yarda aka buɗe wa 'yammata makaranta a Katsina tun wajen 1930. Yarinyar da ta iya karatu da lissafi, ta iya ɗinki ko kiwo ko aikin asibiti ko koyarwa, tana da inda za ta sa ƙafa in ta ce ba ta so.

Na biyu, in mun zo koyar da kashi-kashi a darasin lissafi, mu bar misalin lemo da ƙosai wani lokaci, mu kawo rabon gado. Yaron da ya lissafa tumuni da sulusi da hannunsa a kan allo, ya ga rabon ƙanwarsa ya fito a fili, zai ji nauyin cinye shi in ya girma. Yarinyar da ta lissafa kuwa ta san abin da za ta tambaya.

Na uku, mu rage wa aure kaya. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Akwatunan lefe, da kayan ɗaki da gara waɗanda ke karya bayan uban amarya, duk mu muka ɗora wa kanmu. Su ne ke korar saurayi mai hali marar kuɗi, su bar fili ga mai kuɗi ko da ba shi da hali. Tun daga 2012 gwamnatin Kano ta sha ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yammata ɗaruruwa a rana guda, wannan kuwa shaida ce cewa kayan sun fi ƙarfin talaka.

Na huɗu ya fi sauran wuya, don a kanmu ya ke. Gobe za a tura mu ƙauyuka, kowa da takardar shaidarsa da albashinsa, ko da ba shi da yawa. A garin da aka ƙone rumbuna, mai albashi shi ne Darsi, shi ne kuma Kolins. Za a yi mana tayin 'ya'ya, wata ma tana cikin ajinmu. Ku tuna abin da ya sa Kolins ya zama abin dariya: Elizabet ta ce masa a'a sau da yawa, shi kuwa ya dage cewa kunya ce irin ta 'yammata, zuciyarta na so. Mu ma muna da wannan tarko, don an ce shirun budurwa izininta ne. Amma shirun kunya daban, shirun tsoro daban, tsofaffin mata sun san bambancinsu, mai son ya sani ma zai sani. Kada ɗayanmu ya karɓi yarinyar da yunwar gidansu ce ta kawo ta, ya ce sonsa ta ke yi. Ya aika wata amintacciya ta tambaye ta a keɓe, in ta ce ba ta so ya janye ba tare da ya fusata da ubanta ba. Kada kuma takardar nan ta zama mana sabon asali, mu riƙa duban 'yar manomi da ɗan mahauci yadda Uwargida Katarina ta dubi Elizabet, alhali da kuɗin auduga da na fawa aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta.

Turawan Ingila sun ɗauki shekara kusan saba'in bayan fitowar littafin nan kafin su ba matar aure cikakken iko da dukiyarta, a 2017 kuma suka sa hoton marubuciyar a takardar fam 10. Mu ba mu bukatar jiran sabuwar doka, tamu tana nan a rubuce cikin littattafan da ke jibge a zaurukan malamanmu. Abin da ya rage shi ne a auna wa mace gonarta, a bar ta ta gama karatunta, sa'an nan a tambaye ta. Wanda ya ga gyara a maganata, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya ba 'yan'uwanmu mata mazaje na gari, mu kuma ya sa mu zama irinsu.